Sabuwar Wuƙar Aljihu Mai Ƙirar Dā: Maganar Wa Za a Ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, kuma na daɗe da sha'awar wuƙaƙen aljihu masu ninkewa. Kwanan nan ƙanena da ke fatauci zuwa ƙasashen waje ya yi mini tallar wata sabuwa da aka ƙera bisa tsohuwar ƙirar da ake kira Barlow. Ruwanta, wato ƙarfen da ke yanka, ɗaya ne, ƙotarta ta ƙashi ce, ba ta da makullin da ke riƙe ruwan a buɗe, sai dai ƙarfenta na zamani ne wanda ba ya tsatsa, kuma da ƙananan notuna aka ɗaure ta maimakon ƙusa. Na ji masu tara wuƙaƙe sun rabu biyu a kanta: wasu suna yabo, wasu suna cewa sunan gargajiya kawai ta ara. Maganar wa zan ɗauka, kuma ko ta cancanci tsadarta? Daga mai karatu a Agege, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da ya kamata ka fara lura da shi shi ne, ɓangarorin biyu ba a kan abu ɗaya suke magana ba, shi ya sa gardamarsu ba ta ƙarewa. Masu kushe ta suna kare tarihi ne, masu yabonta kuwa amfani suke dubawa.

Ƙirar Barlow ta fito ne daga birnin Sheffield na Ingila shekaru ɗaruruwa da suka wuce, kuma ana gane ta da dogon ƙarfen da ke wuyan ƙota, wanda ke ƙarfafa gaɓar da ruwan yake juyawa. Ita da 'yan'uwanta ba su da makulli. Wani siririn ƙarfe mai tauri da ke kwance a gadon bayan ƙotar shi ne ke danne ruwan, ko a buɗe ko a rufe, kuma da farce ake ciro ruwan ta wata 'yar tsaga da aka yi a gefensa. Masu riƙo da tsohon salo suna son a bar komai yadda yake: ƙashi ko ƙaho ko itace a ƙota, ƙusa da aka dake da guduma aka goge har ta saje, da baƙin ƙarfe irin wanda ake kira 1095, mai saurin wasuwa, wanda ke rinewa ya yi duhu idan an jima ana yanka lemo ko nama da shi. Wannan rinewar a wurinsu ado ce. Su ne ke rububin wuƙaƙen kamfanin Great Eastern Cutlery, wanda aka kafa a 2006 a garin Titusville na jihar Pennsylvania a Amurka, mai fitar da kaya kaɗan-kaɗan su ƙare nan da nan. Su ne kuma ke ƙirga ɗige-ɗigen da ke gindin ruwan wuƙaƙen kamfanin Case na Amurka, domin a 1970 kamfanin ya fara buga ɗigo goma yana rage ɗaya kowace shekara, ta yadda mai ido zai faɗi shekarar da aka ƙera wuƙa. Mutumin da ya saba da irin wannan, idan ya ga noti a jikin Barlow, ba abin mamaki ba ne ya kau da kai.

Ɗaya ɓangaren kuwa hujjarsu ita ce, noti yana ba da damar a kwance wuƙa da sukundireba, a wanke dattin da ya maƙale, a ɗaure gaɓar idan ta saki, abin da wuƙar ƙusa ba ta yarda da shi sai an kai wa gwani. Ƙarfen zamani kuma yana daɗewa da kaifi, ko da yake idan ya dakushe yakan wahalar da mai wasa shi a dutse.

A nawa ganin, mazaunin Legas ya fi kusa da ɓangare na biyu, ko yana so ko ba ya so. Garin nan yana bakin teku, iskarsa na ɗauke da laima da gishiri, damina kuma doguwa ce. Baƙin ƙarfen da zai yi wata a aljihun mutumin Katsina lafiya lau, a nan yana iya wayar gari da jan tsatsa idan aka yanka abarba aka ninke shi ba a goge ba, kuma tsatsar ba ta tsayawa a kan ruwan wuƙar kaɗai, takan shiga cikin gaɓa inda tsumma ba ya kaiwa. Mahautan Oko-Oba sun san wannan, amma su kullum wuƙarsu tana hannu, ana wasawa ana gogewa. Wuƙar sha'awa kuwa a akwati take kwana.

Amma kada sunan ƙarfe ya ruɗe ka, domin akwai abubuwan da masu tara wuƙaƙe na kowane ɓangare suka yi ittifaƙi a kansu, kuma su ne ma'aunin gaskiya. Ka karɓi wuƙar a hannunka kafin ka biya. Ka buɗe ta a hankali ka ji ko tana tafiya sumul, ko tana tsayawa cak a tsakiyar hanya idan an yi ta da wannan tsari, sannan ta ƙarasa da ƙara mai tsafta. Wadda ta buɗe shiru kamar mai jin barci, ƙarfen bayanta ya yi sanyi, wadda kuma take neman karya farce ta yi tauri fiye da kima. Ka rufe ta ka leƙa ta sama, ka ga ko ruwan ya kwanta a tsakiya ko yana gogar gefe. Ka ɗaga ta saitin haske ka duba bayanta, idan haske yana ratsowa tsakanin ƙarafan, aikin bai haɗu ba. Ka riƙe ruwan a buɗe ka girgiza shi hagu da dama, bai kamata ya motsa ba. Ka kuma duba ƙashin a kewayen kowane noti, domin a nan tsagewa take farawa. Wuƙar da ta tsallake waɗannan ta cancanci kuɗi, ko da ƙusa aka haɗa ta ko da noti.

Game da tsada, ban ba ka shawarar ka saye ta da niyyar za ta yi daraja nan gaba ba. Kasuwar masu tara irin waɗannan tana Amurka da Turai ne, kuma can ma sai wuƙar da ba a taɓa wasawa ba, mai kwalinta na asali, take riƙe farashi. Jabu kuma ya yi yawa, musamman na sanannun sunaye. Idan aiki kawai kake nema, Opinel ta Faransa, wadda aka fara ƙerawa a 1890, ko Okapi, wadda ta faro a Solingen ta Jamus a 1902 kafin ƙirarta ta koma Afirka ta Kudu a 1988, za su biya buƙata da ɗan kuɗi kaɗan.

Ka tuna cewa wuƙa marar makulli tana iya rufewa a kan yatsa idan aka soka tsininta a abu mai tauri, saboda haka ta yanka ce, ba ta suka ko ɓanɓara ba. Kada ka riƙa yawo da ita a soke cikin dare ko a wurin taro, kuma idan za ka hau jirgi a filin Murtala Muhammed da ke Ikeja, ka sa ta a jakar da za a auna a kai cikin kaya, domin ba za a bar ta ta wuce a jakar hannu ba.