Amsar saƙonka kan Sienna ɗin Alhaji da maganar zuwa Amurka

Wa alaikumus salam, ɗana. Na saurari saƙonnin muryar da ka turo, har da na ƙarshen da ka yi ƙasa da murya don kada Yaya, mahaifiyarka, ta ji. Abu biyu ka kawo mini. Sienna ɗin Alhaji, ƙirar 2005, ta kwana lafiya a gida nan Mabera, da safe ta ƙi tashi, lodin Kano ya wuce ku, bakaniken da kuka kira ya leƙa ya ce birenbos ne, wato kwamfutar motar. Na biyu kuma, tunda ka fara taɓa sifana, in nema maka hanya ka zo nan Indiyana ka kama kanikanci a wajena.

Bari in fara da motar, don ita ce cin abincin gidan.

"Ta ƙi tashi" ba bayani ba ne. Wanda ke son zama bakanike bai kamata ya turo mini wannan kalma ita kaɗai ba. In ka murɗa makulli, me kunnenka ya ji? Shiru ne tsit, ko ƙas-ƙas-ƙas da sauri, ko ƙas guda ɗaya mai nauyi, ko kuwa injin na juyawa sosai amma ba ya kamawa? Kowanne da inda yake nunawa, kuma ba ko ɗaya da ke fara nuna birenbos.

In ƙas-ƙas ɗin nan ne mai sauri, fitilun dashbod na lumshewa tare da shi, batir ne ko kan batir. Kada ka ce mini ai hon na yi, rediyo na magana. Rediyo ɗan abu kaɗan yake sha, kik kuwa, na'urar da ke fara juya injin, yana jan fiye da amfiya 100 a lokaci guda. Ka ari mitar awon wuta wajen mai wayarin, ka ɗora a kan batirin motar tana kashe. Cikakken batir zai nuna wajen bolt 12.6, in 12.2 ne ya yi rabi, ƙasa da 12 ya galabaita. Sannan wani ya murɗa makulli kai kana kallon mitar. In ta faɗo ƙasa da 9.6, batirin ya gama yayi ko da jiya aka yi masa caji. Mutanen nan suna ɗora wa sanyi laifin kashe batir, amma zafi ya fi cin sa, kuma kai ka san abin da Sakkwato ke yi daga Maris zuwa Mayu, in awo ya haye 40 mota na tsaye a rana a tasha tana jiran cikon mutum biyu.

Kafin ma mitar, sa hannu ka murɗa kan batirin. In ya juya, ka samu ɓarawonka. Na san yadda ake yi a gida: kai ya yi sako-sako, sai a cusa ƙusa ko guntun gwangwani a buga da dutse. Farar hodar nan mai kore-kore da ke taruwa a wajen tana tare wuta. Kwance shi, baƙar wayar farko, ka wanke da ruwan zafi, ka goge da samfefa har ƙarfen ya yi haske, ka ɗaure. Ka bi baƙar wayar har inda ta kama bodi, can ma kan yi tsatsa ba wanda ya duba.

In za a jona mata batirin wata mota, ja da ja, baƙa kuma a jikin ƙarfen injin. A juya su sau ɗaya, babban fiyus ya tafi, wani lokaci har da birenbos ɗin da kuke tsoro. Kada ku tara yaran unguwa su tura ta, mai giyar otomatik ba ta tashi da turi. In ta tashi, mitar ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5, altaneto na caji ke nan. Al'adar nan ta cire kan batir injin na aiki wai don a gwada caji, ka hana kowa yi wa motar Alhaji. A tsohuwar Fijo an sha yi an kwana lafiya, wannan kuwa cike take da kwamfuta.

In ƙas ɗaya ne kuma batir lafiya lau, kik ne. Kik ɗin kamfanin Denso da ke cikin motocin nan yana da wasu ƴan tagulla a cikin solonoyid da ke cinyewa da tsufa. Wani ya riƙe makulli a murɗe, kai ka ɗan ƙwanƙwasa jikin kik ɗin da ƙotar sifana. In ta tashi, su ne. Ana canza tagullar kaɗai, ba sai an sayi kik sukutum ba. In kuma shiru ne gaba ɗaya alhali dashbod na haske, taka birki ka mayar da giya N ka gwada. Akwai makunnin da ke hana mota tashi in bai tabbatar tana P ko N ba, kuma yakan gaji.

Inda aka fi cin kuɗin mutane shi ne injin na juyawa amma ba ya kamawa. Tambayata ta farko: da wane makulli kuka gwada? Da yawa cikin waɗannan motoci makullinsu na da ɗan guntun na'ura a cikin baƙar robar kansa. Wanda aka yanko a kasuwa zai buɗe ƙofa, zai juya injin, amma ba za ta tashi ba har abada. Ka duba ƴar jar fitilar tsaro. In ta ci gaba da ƙyaftawa bayan makulli ya shiga, motar ba ta gane shi ba.

Sai mai. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 na san ba mai cika tanki, lita biyar lita goma ake yi. Famfon man yana cikin tankin, man ne ke sanyaya shi, kuma yawo da jar fitila kullum yana ƙona shi da wuri. Buɗe murfin tankin ka kara kunne, wani yana murɗa makulli har injin ya juya, ka ji ko yana ɗan kuka. In shiru, kafin a sauke tanki buɗe akwatin fiyus da ke ƙarƙashin bonet ka duba wanda aka rubuta wa EFI da rilensa. Taswirar na jikin murfin. Ka haska tocila ka nemi aikin ɓera ma, tunda a gidan ake ajiye buhunan gero kusa da inda take kwana. Kuma ta 2005 injinta mai lita 3.3 ne, bel ke riƙe tayimin ɗinsa, sai daga 2007 aka koma mai lita 3.5 mai sarƙa. Toyota ta ce a canza bel ɗin a mil 90,000, ni kuwa na tabbata tun da motar ta baro Kwatano ba wanda ya buɗe wajen. In ya tsinke za ka ji injin na juyawa da sauri fiye da kullum, sakayau, ba nauyi.

Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wajen jona sikana a ƙarƙashin sitiyari. Ku kira mai sikana ya karanta. In ya ga P0335, na'urar da ke gaya wa kwamfuta cewa injin na juyawa ce, ko wayarta. Birenbos shi ne na ƙarshe a layi, kuma a aikina ba kasafai nake ganin ya mutu haka kawai ba, sai in ruwa ya shige shi ko an juya masa wuta. Ɗaga kafet ɗin gaba ka duba. In ka ga busasshen taɓo da tsatsa a ƙafafun kujera, cikin motocin ambaliyar da ake gwanjonsu a nan ce, sai mu sake magana. Bakaniken da ya ce birenbos bai ɗora mita ba, kada Alhaji ya ba shi ko sisi.

To, maganar zuwa.

Motar taku a jihar nan aka ƙera ta, a garin Princeton, kudu da inda nake. Wataƙila shi ya sa kake ganin kamar nan ne gidan kanikanci, kowa na kwasar dala. Na zo ƙasar nan ina iya sauke injin in haɗa shi, amma garejin da na fara aiki juyen baƙin mai da canjin taya suka ajiye ni, a ƙarƙashin yaron da na girme wa nesa ba kusa ba, don shi yana da takarda ni ba ni da ita. Wata rana wani mai mota ya tsaya a gabana ya ce wa manaja a ba wani motarsa, wai ba ya jin Turancina. Manajan bai ce uffan ba, ya karɓi makullin daga hannuna. Wannan har gobe yana raina.

Biyan ma ba kamar yadda kake zato ba ne. Yawancin gareji suna biya ne da awannin da littafi ya yanka wa aikin. Littafi ya ce awa biyu, kai ka kwashe huɗu saboda gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara ya cinye kowane noti ya manne, awa biyu za a biya ka. Motar ta dawo da matsalar, gyaran kyauta ne. Ranar da ba mota, ba kuɗi, haya kuwa ba ta san wannan ba. Kayan aiki naka ne, daga sifana har akwatin da za ka zuba su. Motar masu sayar da su na zuwa ƙofar gareji duk mako da bashi mai daɗin karɓa, na ga waɗanda suka shekara da shekaru suna biya. A watan Janairu ka ɗaga mota sama, ƙanƙarar da ke ƙarƙashinta na narkewa tana ɗiga maka ruwan gishiri a wuya har a tashi. Sallar Juma'a sai ka roƙa, ka rama awar da yamma. Ba wanda ke tambayata wannan in an kira daga gida, sai dai a ce Kawu an ji ka shiru.

Abin da ya fitar da ni jarabawar ASE ce, wadda ake ba bakanikai shaidar ƙwarewa da ita a nan Amurka. Sai kana da shekara biyu ta aikin hannu kafin su ba ka shaidar, kuma kashi takwas ne ga mai son a kira shi cikakken gwani a ƙananan motoci. Da dare na yi karatun, bayan na tashi aiki, da ƙamus a gefe. Na shida, na wayarin da lantarki, shi ya canza mini rayuwa. Yau motar da ta gagari kowa a garejinmu ni ake turo wa, kuma ba a ƙara karɓar makulli daga hannuna ba. Alhamdu lillahi.

Amma ko na so, ba ni da ƙofar da zan shigo da kai. Ɗan ƙasa na iya nema wa iyayensa, matarsa, ƴaƴansa da waɗanda suke ciki ɗaya ko uba ɗaya, su ma na ƙarshen layinsu ya wuce shekara goma. Ɗan ƴar'uwa ba ya ciki. Bizar ziyara ba ta halatta aiki, kuma a watan Yulin 2025 aka rage ta ga ƴan Najeriya zuwa shiga ɗaya, wata uku. Ta karatu, in ma ana bayarwa, sai ka nuna kuɗin makaranta da na zama tun kafin ka taso, aikin da aka yarda ka yi awa 20 ne a mako, a cikin makarantar. Cacar biza kuwa an cire Najeriya tun zagayen 2015, duk wanda ya karɓi kuɗinka a shagon intanet da sunan zai cike maka, cuta ce. Na san abin da wasu ke raɗawa, wai tunda da ƙasar haihuwa ake dubawa, a tsallaka Illela a yo takardar haihuwa a Ƙonni. In suka kama ƙarya a takarda, haramcin na har abada ne, ba na shekara biyar ba. Hanyar Agadas kuma kada ma in ji ta a bakinka, ka tausaya wa Yaya.

Ga abin da zan iya. Zan aiko maka da mita mai kyau da ƙaramar sikana ta hannun mai zuwa gida. Ka nemi ƙwararren mai wayarin ka zauna a ƙarƙashinsa da gaske, ka koyi karanta taswirar wayoyi, ka daina gudun Turanci don duk littattafan da shi aka rubuta. Daga ƙirar 2021 duk Sienna mai haɗin fetur da lantarki ce, kuma nan da ƴan shekaru su za su cika babbar tasha. Ba ta da kik irin wanda ka sani, ƙaramin batirinta in ya yi sanyi ko READY, alamar ta tashi, ba za ta nuna ba, masu ita kuma za su yi ta neman wanda ya gane kanta. In ka ci karo da ɗaya kafin ka koya, wayoyin nan masu ruwan lemo ɗauke suke da wutar da ta haye bolt 200, kada hannunka ko sifanarka su kusance su. Ka gaishe da Alhaji da Yaya.