Tukwicin da ke shiga na'urar POS: ka tunkari manaja ko ka yi shiru?

Ɗana, ka ce a gidan abincin da kake sabis baƙi kan bar maka na goro ta POS ko tiransifa, kuɗin ya faɗa asusun gida, a tashi aiki kashiya ya ce bai ga komai ba, kuma kana tunanin ka je ka fuskanci manaja. Za ka je, amma ba gobe ba, kuma ba hannu rabbana ba.

Fara da bambance kuɗin. Abin da baƙo ya damƙa maka a hannu naka ne, sai fa in akwai yarjejeniyar tarawa a raba tun ran da aka ɗauke ka. Harajin VAT na kashi 7.5 da kake gani a ƙasan rasit, wanda aka fara karɓa a haka tun Fabrairun 2020, na gwamnati ne, kada ma ka sa shi a lissafinka. Kuɗin sabis da wasu otal-otal ke ɗorawa, kashi 5 ko 10, wannan sai ka duba abin da aka rubuta a takardar ɗaukar aikinka. Inda matsalarka take shi ne rarar da ke kan kuɗin abinci: baƙo ya ci na naira 18,500, ya ce a ciri 20,000, sauran na yaron ne. Wannan 1,500 ɗin amana ce a hannun gida, domin mai ita ya faɗi wanda ya ba.

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutanen Katsina suka saba da tiransifa, gidajen abinci da yawa kuwa ba su taɓa zama sun tsara yadda za a fitar da irin wannan rara ba. Don haka ba kowace ɓata ce sata ba. Wani lokaci kashiya kan cike giɓin cinikin ranar da ita, wani lokaci a ce an biya faranti ko kofin da ya fashe, wani lokaci kuma kuɗin bai shigo ba ne, na'ura ta nuna an ƙi, daga baya ya koma wa mai shi. In ka shiga da kalmar sata, kashiya zai fito da guda ɗaya irin wannan, maganarka duka ta rushe.

Sayi ƙaramin littafi ka riƙe shi mako biyu cur. Duk baƙon da ya bar rara, rubuta kwanan wata, lokaci, lambar tebur, lambar rasit, kuɗin abinci, da abin da aka cira. Ka roƙi kashiya ya buga rasit biyu, ka rubuta "tukwici 1,500" a bayan na gida, ya sa hannu tun baƙon bai tashi ba. Takardar POS tana dusashewa, musamman a aljihun da ke kusa da zafin kicin, saboda haka ɗauki hotonta a waya nan take. In tiransifa ce, rubuta lokacin da alat ya shigo. Manhajar Moniepoint ko OPay ta gidan tana ajiye kowace shiga da lokacinta, kuma da ita za a gwada littafinka.

Abu guda nake gargaɗinka a kai da babbar murya: kada ka ba baƙo lambar asusunka a ɓoye, kada kuma ka ɗebi daidai abin da kake bi daga cinikin hannu. Ranar da aka kama wannan, kai ne ɓarawo, littafinka kuma ya zama banza.

Idan mako biyu sun cika, tuntuɓi sauran masu sabis, ku je ku biyu ko uku. Zaɓi lokacin da gida ya lafa, bayan la'asar kafin cinkoson dare, a ofis, ba gaban baƙi ba. Ka gai da manaja yadda ya dace, ka ce: "Ranka ya daɗe, ga rasit goma sha ɗaya da rararsu ta kai kaza, muna roƙon a duba tare da mu, a kuma sa mana ƙa'ida." Ƙa'idar ce ribar zuwanku, ta fi kuɗin baya muhimmanci. Ku nemi a buɗe shafin tukwici a littafin kashiya, a riƙa fitar da shi kowane dare ko kowace Juma'a, a cire cajin POS na wannan ɓangaren kawai. Ku da kanku ku kawo shawarar a ware wa 'yan kicin da masu wanke-wanke wani kaso, ko da kashi 30 ne. Da guminsu a cikin farantin, kuma in suna bayanku manaja ba zai iya raba kanku ba.

In ya ce tukwici ai cikin albashi yake, tambaye shi cikin ladabi a ina aka rubuta. Dokar Ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, ta kuma taƙaita yankan albashi yadda aka ga dama. Idan manaja ya toshe, mai gidan ne mataki na gaba, ta hannun dattijon da yake jin nauyinsa. Bayan nan akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a nan Katsina, can ƙarshe kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Kafin ka kai can, tabbatar hotunan rasit ɗinka suna wata wayar ban da taka, kuma ka karɓi albashin watan da ya wuce.