Amsa: Iris ɗina ganye kawai yake yi, ba fure

Kin ce iris mai gemu (wata shukar fure ta ado, "bearded iris" a Turance) da kika shuka a lambunki a Ingila ya yi ganye shar amma ya ƙi fure. Galibi binne saiwar da zurfi ke jawo haka. Saiwar mai kaurin nan, mai kama da citta, so take bayanta ya fito fili rana na dukansa. Jijiyoyin kaɗai ake turbuɗewa. Ki tone a Yuli ko Agusta, ki rage ganyen zuwa santimita 15, ki sake dasawa da tazarar santimita 30, inda zai sha rana aƙalla awa 6.

Sai dai ki kula da ruwa. In ƙasar na riƙe shi, saiwar ruɓewa take, ta yi laushi tana wari. Ki yanke ruɓaɓɓen wurin da wuƙa mai tsabta, ki bari sauran saiwar mai lafiya ta bushe kafin ki mayar da ita ƙasa.