Dunduniyata na ciwo, zan iya saka wej ranar bikin autarmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti likita, dan Allah a taimaka min da shawara. Shekarata 38, malamar makaranta ce ni, yarana huɗu. Kusan wata bakwai kenan ina fama da ciwon dunduniyar ƙafar dama, da asuba in na sauko daga gado takun farko ji nake kamar na taka ƙusa, sai na ɗan zazzaga cikin gida yake lafawa. Sannan gindin babban yatsana ya turo gefe, in na sa takalmi rufaffe sai wajen yayi jajir. Ga bikin autarmu saura sati biyar an fitar da ankon leshi, ni kuma gajera ce in nasa fulat ɓacewa nake a hoto. Ƙawata tace in sayi wej, takalmin nan mai tudu da ƙasansa yake a cike tun daga dunduniya har gaba, wai shi baya ciwo, gaskiya ne? In gaskiya ne wane iri zan saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara sauƙi, Allah kuma ya sanya alheri a bikin. Ƙawarki ta faɗi gaskiya amma rabi ta faɗa, dan akwai wej ɗin da zai sa ki manta kina da ciwo akwai kuma wanda kafin a gama kamu kin cire shi kin riƙe a hannu.

Ban ga ƙafar ba, amma yadda kika kwatanta, ciwo a takun farko da asuba wanda yake lafawa in an ɗan yi tafiya, yafi kama da abinda muke cewa falanta fashiyaitis. Akwai wata jijiya mai faɗi kamar ɗamara a tafin ƙafa, ta taso daga ƙashin dunduniya ta tafi har gindin yatsu, ita ke riƙe da lanƙwasar tafin. In tsayuwa tayi yawa, irin taku ta gaban allo, sai ta riƙa gajiya tana ciwo daidai inda ta kama ƙashin. Da dare kina bacci tana tsukewa, da safe kina takawa a fizgeta, shine wannan ƙusar da kike ji. Abinda mutane da yawa basu sani ba, silifas ɗin nan fale-fale da muke ganin shine hutu, shi yafi wahalar da irin wannan ƙafar. In an ɗan ɗaga dunduniya kaɗan agara tana sassautawa, jan da take yiwa dunduniyar ya ragu. Toh kinga a nan wej abokinki ne.

Matsalar ita ce yatsan. Wancan turowar ba ƙari bane, gaɓar ce ta goce, babban yatsa ya karkata wajen ƴan uwansa ƙashin gindinsa kuma ya turo waje, sau da yawa gado ne, ki duba ƙafar mama ko ta ƴan uwanta. Shi kuma duk sanda aka ɗaga dunduniya nauyin jiki gaba yake gangarowa ya sauka daidai kan wannan gaɓar. Wato ciwonki biyu kowanne da abinda yake so, dunduniya na cewa a ɗaga ni, yatsa na cewa kar a ɗora min. Shi yasa zancen duka ya koma kan awo.

Ki tafi kasuwa da tef ɗin tela a jaka, da gaske nake. Ki auna tudun takalmin ta baya, ki auna kaurinsa ta gaba ƙarƙashin yatsu, ki cire na gaba daga na baya. Abinda ya rage shine gangarar da ƙafarki zata ji, kuma shine lissafin da yafi damuna. Takalmin da bayansa santimita 7 ne gabansa 3, ƙafarki 4 kawai take ji amma a hoto kin ƙaru da 7. Wani kuma bayansa 7 ɗin ne amma gabansa shafal yake da ƙasa, wannan da shi da mai tsini duk kanwar ja ce a wajen yatsanki. Ke gangarar taki ta tsaya tsakanin 3 zuwa 4, kar ki wuce 5 wato inci biyu. Sai dai kar kice toh bari in samu mai gaba 8 baya 12 tunda bambancin 4 ne, a'a, wannan kin hau kujera ƴar tsugunno ne, ƙafa bata jin ƙasa, kina taka ɗan dutse ko bakin kwata zaki gurɗe, kuma targaɗen idon sawu daga kan dogon wej ba ƙaramin targaɗe bane, wani har da tsagewar ƙashi. Ni a ganina duka tsayin kar ya haura 7 ko 8.

Wani abin sha'awa, shi wannan takalmin rashi ne ya haifar dashi. Wani baduku ɗan Italiya mai suna Salvatore Ferragamo ne ya fito dashi a shekarun 1930, lokacin da aka ƙaƙabawa ƙasarsu takunkumi saboda mamaye Habasha a 1935, ƙarfe mai kyau da ake sawa a cikin takalmi mai tsini dan ya riƙe tsakiyar ƙafa yayi wuya, sai ya cike gurbin gaba ɗaya da ɓawon itacen nan mara nauyi da ake toshe kwalba dashi. Cike gurbin nan shine duk amfanin wej har yau, tafin ƙafa yana zaune akan abu tun daga baya har gaba, ba ya rataye tsakanin tsini da yatsu.

In kin samu mai awon da nace, sai ki jarraba shi a hannu kafin ƙafa. Ki kama gaba da baya ki murɗa kamar zaki matse wanki, in ya murɗu ki ajiye. Ki lanƙwasa shi, in zai lanƙwasu a wajen gindin yatsu ya kamata ya ɗan bada kai, ba a tsakiya ba. In kuma sam baya lanƙwasuwa toh ki tabbata bakinsa na gaba ya ɗan ɗaga sama yadda ƙafa zata mirgina in kina taku, idan babu wannan tafiyar agwagwa zakiyi. Ki ajiye shi a kan teburin mai shago ki ɗan ture shi da yatsa, wanda yake rawa a tebur zai yi rawa dake. Ki juya ki kalli ƙasansa ta baya, wasu daga gefe wej ne amma ƙasan an fiƙe shi ya tsuke, ke mai faɗi kike so kuma mai roba a ƙasa saboda tayil ɗin holl santsi gareshi barin ma in an zubar da lemo. Nauyi ma ki duba, mai nauyi kamar bulo gajiyar dake zaiyi.

Sai maɗauri. Wanda ake zura ƙafa kawai babu komai a baya nasan yafi sauƙin cirewa in za'a shiga ɗaki ko alwala, amma ba naki bane, saboda yatsu ne suke ƙanƙame shi dan kar ya fice, wannan ƙanƙamewar kuma jijiyar tafin take ƙara ja. Ki nemi mai igiya a idon sawu, mai bakul da zaki iya sassautawa in ƙafa ta kumbura. Ta gaba kuma ki lura inda igiyar ta bi, kar siririyar igiya ko ɗinki ya ratsa ta kan ƙashin da ya turo, ko dai fata mai faɗi mai laushi ta lulluɓe shi gaba ɗaya ko ta bar shi a waje. Wannan na roba garai-garai kamar gilas da ake yayi ki rabu dashi, baya buɗewa, ga gumi, bororo zai miki. Mai tsinin baki ma haka.

Ki je sayayya bayan la'asar lokacin ƙafa ta gama kumburinta na yini, ki saka duka biyun ki miƙe tsaye ki zagaya shagon, ki auna da ƙafar da tafi girma, a samu rata kamar santimita ɗaya gaban yatsa mafi tsayi. In mai shago yace "Hajiya ai zai buɗe", ki ce masa in ya buɗe kya dawo. Kuma kar ki riƙe lambar da kike sawa kina budurwa, bayan haihuwa huɗu ƙafa tana iya ƙara faɗi da tsayi, kuma 39 na wannan kamfanin ba lallai yayi daidai da 39 na wancan ba. In a Instagram zaki yi oda, ki taka farar takarda ki zana ƙafarki ki auna, ki sa mai kayan ta ɗora tef akan takalmin ta turo miki hoto. In gwanjo ne ki duba kar ya zama ya cinye ta gefe ɗaya, kuma ki danna ƙasan da farce sosai, akwai irin robar da in ta daɗe a ajiye sai ta riƙa marmashewa kamar biskit, a ido sabo fil amma a tsakiyar fili zai rabu gida biyu.

Maganar kwalliya ba wuya, tunda leshi ne ki ɗauki ruwan gwal ko azurfa ko kalar da ta kusa da fatarki, zai shiga da kaya da yawa bayan biki. Ki sayi takalmin kafin ki je gwaji wajen tela, ki saka shi a yanke miki tsayin siket a kansa. In yayi daidai ko'ina sai wajen ƙashin kuma fata ce ta gaske, shumeka zai iya buɗa miki wajen kaɗai. Ki fara sa shi a gida minti talatin zuwa awa ɗaya kullum, kar ranar dina ta zama ranar farko, ranar kuma ki tafi da wani mai laushi a jaka dan zirga-zirgar rabon abinci.

Sati biyar ɗin nan ki yi amfani dasu. Kafin ki sauko daga gado ki kama yatsunki ki ja su sama wajen ƙauri ki riƙe kamar daƙiƙa 10, ki maimaita sau goma. Ki dafa bango ki miƙar da ƙafar mai ciwo baya dunduniya a ƙasa har ki ji sharaɓa ta ja, daƙiƙa 30 sau uku, safe da yamma. Da dare ki murza tafin akan gorar ruwa mai ƙanƙara minti goma. Ki daina yawo ba takalmi akan tayil ko siminti.

Duk wannan da nace banda in kina da ciwon suga, ko ƙafar tana mutuwa ko kina jin kamar kiyashi na tafiya a ciki, ko kina da juna biyu, ko kin saba yin targaɗe, waɗannan sai an duba ki kafin ki hau kowane irin tudu. Kuma wata bakwai ya isa a ga ƙafar nan ido da ido, in kina Kano ki je Asibitin Ƙashi na Dala, in ba haka ba ki nemi sashen fisiyo, wato masu gashin ƙashi, a babban asibitin da yafi kusa dake, ki tafi da takalmin da kike zuwa makaranta dashi su ga ta inda ya cinye.