Tambaya da Amsa: Kask ɗin VR na wasa, gaskiya ne ko yaudarar bidiyo?

Jama'a barkanmu da warhaka. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk kan abu guda ne, wato wannan babban tabarau da ake ɗaurawa a fuska a yi wasa, kask ɗin VR, mai sa mutum ya ji kamar yana cikin wata duniyar da kwamfuta ta zana. Na zaɓi waɗanda suka fi taɓa abin da mutane ke son sani, sauran ku yi haƙuri sai wani fitowar.

TAMBAYA: Salamu alaikum Yaya, ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne nan Tawa. Munka ga wasu bidiyo a TikTok mutane sun sa abin ga fuska suna ihu har suna faɗuwa ƙasa, to a fadarmu gardama ta kaure wajen shan shayi, wasu sunka ce ƙarya ce kawai ana yi don a samu masu kallo. Kai da aka ce ka taɓa sa shi, mi ake gani ciki? Da gaske yana kada mutum? (Ƙanenka daga Tawa)

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, ka gaida min ƴan fada. Ka ce musu wasu bidiyon kam akwai ƙari a ciki, amma asalin abin gaskiya ne wallahi. Wanda na sa shi ne Quest 2, wani abokina ya zo da shi daga Faransa ya ba ni aro a nan Yamai. Da farko in ka ɗaura za ka ga ɗakinka baƙi da fari ta kamarorin da ke jikinsa, sai ya ce ka zana iyaka a ƙasa da manet ɗin da ke hannunka, ka zagaye wurin da babu kujera babu bango, kana gamawa sai ɗakin ya ɓace gaba ɗaya ka tsinci kanka wani wuri daban. Ka ɗaga kai akwai sama, ka waiga baya akwai abu a bayanka, ka duƙa ka leƙa ƙarƙashin tebur kuma ka ga ƙarƙashin teburin. Wannan shi ne abin da bidiyon TikTok ba zai taɓa nuna maka ba, don shi a fuskar waya yake a shimfiɗe.

Akwai wani wasa Richie's Plank Experience, galibin bidiyon faɗuwar nan daga shi suke. Kana shiga asansa ya hau da kai bene hawa 80, ƙofa ta buɗe, ba komai gabanka sai katako guda siriri da ya miƙe cikin iska, motoci can ƙasa ƴan mitsi-mitsi. Na san sarai a kan siminti nake tsaye, ina ma jin muryar abokina gefena yana cewa taka mana, amma tafin ƙafata ya yi sanyi gwiwata ta ƙi, sai da na ja ƙafa a hankali a hankali. Masu faɗuwa su ne waɗanda jikinsu ya yarda da abin fiye da kima, su yi tsalle ko su jingina da bangon da babu shi.

Yadda yake aiki ba sihiri ba ne. Kowane ido ana nuna masa hotonsa daban, an ɗan karkata ɗaya daga ɗaya kamar yadda idanunmu biyu ke ganin duniya, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta ga zurfi da nisa. Kamarori 4 da ke kusurwoyin kask ɗin suna kallon ɗakin suna lissafin inda kanka yake, hoton kuma ana sake zana shi sau 72 ko 90 ko fiye a daƙiƙa guda don ya bi motsinka ba jinkiri.

Amma kar ka ɗauka komai zam-zam ne. Hoton bai kai tsabtar da ake nunawa a talla ba, tsakiya ne kawai ke fita tas, gefe-gefe yana dishi-dishi, kuma kana ganin baƙi kewaye da idonka. Nauyinsa gram 503, duk a gaban fuska, bayan ɗan lokaci goshi da karan hanci su fara faɗa maka. Ga zufa, mu da muke ƙasar da Afrilu da Mayu zafi ke wuce digiri 40, soson da ke manne da fuskarka jiƙewa yake sharkaf, gilashin ya yi hazo, musamman in kana Beat Saber, wasan da kake riƙe da takubban haske biyu kana saran akwatuna masu tahowa bisa kiɗa. Duk da haka ni dai da na cire shi abin da ya fara zuwa raina shi ne yaushe zan sake sawa.

TAMBAYA: Malam na ga wani na roba a kasuwa da ake buɗewa a zura waya ciki, kuɗinsa ba yawa. Shi ne VR ɗin? In saya? (Mai karatu daga Wadata, Yamai)

AMSA: Ɗan'uwa sunansu ɗaya amma tafiyarsu ba ɗaya ba. Wannan na robar jikan Google Cardboard ne, wanda Google ta fitar a 2014 da kwali da gilasai biyu, ba ekaran a ciki ba kwamfuta ba komai, wayarka ce ke duk aikin. Yana gane juyawar kai kawai, dama hagu sama ƙasa, amma in ka taka gaba ko ka duƙa hoton ba ya binka, kuma ba hannaye cikin wasan. Sannan sai wayarka na da gyroscope, ƙaramar na'urar da ke gane juyawa, kuma da yawa cikin ƙananan wayoyin da muke riƙewa ba su da ita, ka sayo ka zura ka ga hoto ya tsaya cik. Ita kanta Google ɗin ta janye daga wannan hanyar, Samsung ma ta bar nata Gear VR.

Na gasken na wannan zamanin tarihinsa ya taso ne daga 2012 lokacin da wani matashi a Amurka, Palmer Luckey, ya nemi tallafin jama'a a Kickstarter don kask ɗinsa Oculus Rift ya tara dalar Amurka miliyan 2.4, Facebook ta saye kamfanin a 2014 kan kusan biliyan 2. A 2016 Rift da HTC Vive da PlayStation VR suka fito kasuwa, duk da igiyoyi jone da kwamfuta mai ƙarfi ko PS4. Sai 2019 Quest ya zo da komai a cikinsa, ba igiya. In kallon bidiyon 360 a YouTube kawai kake so, na robar zai ɗan yi maka. Roƙona guda, in ka sa shi ka ji bai burge ka ba kar ka ce ka gwada VR.

TAMBAYA: Ina kwana. Ɗana ɗan shekara 9 ya dame ni tun da ya sa shi gidan ƴan'uwa lokacin bakans, amma ranar ya dawo yana cewa kansa na juyawa har ya ƙi cin tuwo. Abin nan ba ya lalata ido ko ƙwaƙwalwa? Babansa na Abijan yana son ya aiko masa da shi, ni hankalina bai kwanta ba. (Wata uwa daga Yantala)

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya raya mana shi. Kin yi daidai da kika tambaya kafin a aiko. Jirin da ya ji sananne ne, manya ma yana kama su, ni ma ya kama ni a wasan da ake tafiya da ɗan sandan manet alhali mutum na tsaye wuri guda: cikina ya fara tashi, zufa mai sanyi ta keto min, yawu ya taru a baki. Dalili shi ne cikin kunnenmu akwai wani sashe mai ruwa da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki na motsi ko a'a. To ido na cewa muna gudu, kunne na cewa a tsaye muke, saɓanin nan shi ke kawo tashin zuciya. Irin abin da ke samun mutum ne in ya duƙufa kan waya cikin bas tsakanin Doso da Dogon Dutsi, sai dai can jiki ne ke tafiya ido na kallon abu a tsaye, nan kuma akasin haka.

Maganinsa a cire nan take da an fara jin alamar, kar a ce za a daure, daurewa ƙara shi take kuma yana iya bin mutum awanni. A fara da minti 10 ko 15, a zaɓi wasannin da mutum ke tsaye wuri guda abubuwa ke zuwa gare shi, a kunna bantilater yana bugun fuska, yana taimakawa sosai. Mutane da yawa jikinsu na sabawa a hankali, wasu kuma ba sa sabawa sam, kuma wannan ba ragwanta ba ce, halitta ce.

Batun shekaru kuwa Hajiya, su kansu masu ƙera shi sun sa iyaka. Sony ta ce nata ba na yaran da ba su kai 12 ba ne. Meta mai yin Quest, wato Facebook da ta canja suna a 2021, da 13 ta ce, a 2023 ta sauko zuwa 10 amma da asusun da iyaye ke kula da shi. Ɗanki bai kai ko ɗaya ba. Kuma an yi kask ɗin ne da ma'aunin kan babba, a Quest 2 tazarar gilasan biyu matsayi uku ne kawai, milimita 58 da 63 da 68, in tazarar idanun yaro ba ta kai nan ba hoton ba zai zauna masa daidai ba, ido ya gaji kai ya yi ciwo. Abin da ya fi damuna ma shi ne wasannin da ake shiga da baƙin mutane ta intanet ana magana da murya, ke kina zaune gefensa ba ki ganin abin da yake gani ba ki jin abin da ake faɗa masa. Shawarata ki ce wa babansa ya dakata tukuna. In kuma yaron na da farfaɗiya ko wata matsalar ido, sai an ga likita kafin ko gwaji.

TAMBAYA: Ina sa tabarau na likita, zai shiga? (Daga Harobanda)

AMSA: Zai shiga in firam ɗin ba mai faɗi ba ne sosai. Quest 2 na zuwa da wata ƴar roba da ake ƙarawa don ba tabarau wuri, ka tabbata ka sa ta, in ba haka ba gilashi ya goge gilashi duka biyun su karce.

TAMBAYA: Babban yaya ina da gidan Play a Bukoki, PS4 ne da tele, yara na zuwa buga balo. Ina tunanin in ƙaro VR ko guda don in jawo kastoma. Wanne zan saya, kuma ana buga balo da shi? (Mai gidan Play)

AMSA: Maigida wannan tambayar ta fi kowace faranta min rai, don gaskiya yawancin yaranmu in ba a wuri irin naka ba ba za su taɓa sa abin nan a fuska ba, kuma ina son su sa, su gani da idonsu, wata ƙila cikinsu akwai wanda zai ce shi ma sai ya koyi yadda ake ƙera irin wannan duniyar. Amma bari in fara da abin da ba za ka so ji ba: FC da eFootball da yaranka ke kwana kai ba wasannin VR ba ne. Iyaka ka ga wasan a wani ƙaton ekaran cikin kask ɗin PlayStation, ba wai ka shiga fili kana gudu ba. Don haka VR ba zai maye gurbin balo ba, ƙari ne a gefe.

Tunda PS4 gare ka, tsohon PlayStation VR na 2016 shi ke tafiya da shi, sai dai na hannu za ka samu, kuma dole a haɗa maka da kamararsa da ƙaramin akwatinsa da duk igiyoyin, in wasan na hannu ne har da sandunan Move, in abu guda ya ɓace ka sayi kayan ado. PS VR2 da ya fito Fabrairun 2023 kan dalar Amurka 549 ba ya tafiya da PS4, na PS5 ne, kuma wasannin tsohon ba sa tafiya a kansa. Ni da nake wurinka Quest zan nema, ko Quest 2 mai tsabta ko Quest 3S da ya fito a 2024 kan dalar Amurka 299, wato wajen jikka 170 zuwa 180 a lokacin, tun kafin kuɗin kawowa da duwan da ribar mai kawowa. Ba ya buƙatar tele ko Play, kuma in an ɗauke wuta yana ci gaba da batirinsa, sai dai batirin awa 2 ne da ɗan kai, ka tanadi pawabank mai kyau. Manet ɗin kuma pil AA suke ci, guda-guda.

Ka ware masa fili aƙalla mita 2 kan mita 2 wanda ba kowa ciki, ka ja layi, don mai wasa ba ya ganin ƙaramin yaron da ya matso kallo, hannu guda zai kai masa a ido. Wurin ya zama da haske don kamarorin ba sa gani cikin duhu, amma ba rana ba, wannan ka riƙe shi da kyau: in hasken rana ya shiga gilasan nan ko na ɗan lokaci ne suna tara shi wuri guda ya ƙone ekaran ɗin ciki, tabon ba ya fita. Kar a bar shi bakin taga, kar a fita da shi tsakar gida don a nuna wa maƙwabta. Lokacin hazo kuma a jaka yake kwana, gilashin da ƙyalle mai laushi busasshe kawai ake share shi, ba da bakin riga ba, ba da alkol ba.

Sai tsabta, tunda fuska da yawa za su shiga abu guda. Ka sayi murfin silikon da ake sa wa soson, ana gogewa bayan kowane mutum, kuma duk wanda idonsa ya yi ja, balle lokacin da apolo ke yawo, ka ba shi haƙuri ya dawo in ya warke. Wasannin ma ba a faifai suke ba, a shagon Meta ake sayensu ta intanet da katin banki irin Visa, wasu sun kai giga da yawa, don haka ka nemi wifi mai ƙarfi ka sauke su sau guda, ka zaɓi waɗanda ke tafiya ba konekshon. Ka sa lokaci gajere, minti 10 kowane mutum, layi zai yi sauri, jiri zai ragu, kask ɗin ma ya samu ya huce. Kuma kafin ka miƙa kuɗi ga mai sayarwa, ka sa ya kunna a gabanka ka ɗaura da kanka, ka duba fari tas ko akwai tabon rana, ka gwada manet duka biyu, ka tabbata ya fitar da asusunsa ya mayar da na'urar sabuwa.