Ku Tambayi Masu Wuta: Zaɓen Mai Gyara da Tsaron Lantarki a Gida

Tambaya: Ginina ya kai matakin jan wayar wuta, kuma kowa na nuna mini nasa mai gyaran. Ta yaya zan tantance gwani?
Daga wani magidanci

Amsa: Malam, kada ka fara da tambayar nawa zai karɓa. Fara da neman takardar shaidarsa ta koyon sana'a, da lasisin hukumar da ke kula da aikin lantarki a ƙasarku. Sannan ka ce ya nuna maka gida biyu ko uku da ya yi wa aiki shekara biyu zuwa sama, ka je ka ji ta bakin masu gidan. Sabon aiki duk da kyansa yake, sai ya sha zafi da damina ake gane ingancinsa.

Bayan haka ka zauna da shi, ka lura da abin da zai tambaye ka. Gwani zai so sanin kayan da za ka ɗora wa gidan: na'urar sanyaya ɗaki nawa, akwai hitar wanka, da wuta za a yi girki, akwai injin jan ruwa? Wanda ya yanke maka kuɗi bai yi waɗannan tambayoyi ba, da ka yake aiki, ba da lissafi ba.

Ga ma'aunin da aka saba da shi a gidajen da wutarsu take bolt 230. Layin fitilu: wayar jan ƙarfe mai kaurin 1.5mm², da bireka (makunnin da ke yanke wuta da kansa in ta yi yawa) mai amfiya 6 ko 10, amfiya kuwa ma'aunin yawan wutar da ke bin waya ce. Layin soket: 2.5mm², da bireka mai amfiya 16 ko 20. Murhun lantarki: 6mm², da amfiya 32. Hita da kowace na'urar sanyaya ɗaki, kowanne da layinsa shi kaɗai tun daga akwatin rabon wuta. Nisa da zafin wuri suna iya sa a ƙara kauri, amma ba a rage shi. Duk wannan ya rubuta maka a takarda kafin a sayi ko dunƙule ɗaya na waya, kuma a duba wayar da kyau, domin akwai ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe. In an kankare ta da wuƙa sai fari ya bayyana.

Abu na ƙarshe, kuma shi muka fi ba muhimmanci: kada ka kammala biya sai an yi gwaji a gabanka. Ƙaramin sukundireban nan mai fitila ba gwaji ba ne. A auna ƙarfin rufin waya da mitar da ke ba da bolt 500, sakamakon kada ya gaza megohm 1 (ma'aunin yadda rufin ke tare wuta), kuma a sabon aiki ya kamata ya zarce haka nesa ba kusa ba. A auna wayar ƙasa, wadda ke kwashe wutar da ta zurare zuwa cikin ƙasa, a kowane soket, a rubuta sunan kowane layi a jikin akwati.

Tambaya: Birekar ɗakin girkina tana yawan faɗuwa. Mai gyara ya ce a cire mai 20 a sa mai 32 a huta. In yarda?
Daga wata uwargida

Amsa: Kada ki yarda, Hajiya. Bireka waya take karewa, kuma gwargwadon kaurin wayar ake zaɓenta. Layi guda na 2.5mm² ba zai ɗauki amfiya 32 lafiya ba. In an sa babbar bireka, faɗuwa za ta daina, amma wayar da ke cikin bango za ta riƙa zafi, robarta ta bushe ta tsage, wata rana ta kama da wuta babu abin da zai tsayar da ita. Haka hukuncin yake ga wanda ke ɗaure fis da ya ƙone da zaren waya.

Ki yi lissafi da kanki. Amfiya 20 sau bolt 230 ya ba da wat 4,600. Butar lantarki takan ci wat 2,000 ko fiye, dutsen guga tsakanin 1,000 zuwa 2,400, na'urar ɗumama abinci sama da 1,000. Uku a lokaci guda sun cika layin. In birekar takan ɗan jima, minti biyar ko goma, kafin ta faɗi, lodi ne ya yi yawa, maganinsa a ja sabon layi ko a rage kaya. In kuwa tana faɗuwa nan take da zarar an ɗaga ta, to wayoyi ne suka haɗu a wani wuri. Ki zare duk filogi, ki ɗaga birekar, ki riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kayar da ita shi ne mai laifi. In ta faɗi alhali babu komai a jone, ki bar ta a kashe har mai gyara ya zo.

Tambaya: Firjinmu yana ɗan jan mutum, musamman in ba takalmi. An ce mini ba komai, duk firji haka yake.
Daga wani mai karatu

Amsa: Wanda ya faɗa maka haka bai kyauta maka ba. Jan nan yana nuna abu biyu: wuta tana zurarewa zuwa jikin ƙarfen, kuma wayar ƙasa da ya kamata ta kwashe ta ba ta aiki. Ko dai babu ita a soket ɗin, ko ta tsinke, ko an karya dogon haƙorin filogin, ko sandar da aka kafa a ƙasa ta yi tsatsa ta rabu da wayarta. Saboda haka jikinka ya zama hanyar. Yau kaɗan ce ke zurarewa, ranar da rufin wayar kwamfuresa ya ƙarasa lalacewa, cikakkiyar wuta ce za ta hau.

Abin da ke kashe mutum bai kai yadda ake zato ba. Daga kusan miliamfiya 10 zuwa 15 (miliamfiya dubu ne amfiya ɗaya) hannu yakan ƙage ya kasa sakin abin da ya riƙe, kuma abin da ya haura 30, in ya ɗauki lokaci yana ratsa ƙirji, yana iya rikita bugun zuciya. Birekar amfiya 20 ba za ta ma san ana yi ba. Shi ya sa ake sa na'urar da ake kira RCD mai miliamfiya 30: tana kwatanta wutar da ta fita da wadda ta dawo, in ta ga giɓi sai ta yanke cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Gidan da ke da yara, ko hita a banɗaki, ko injin wanki, bai kamata ya kwana babu ita ba. Akwai maɓalli a jikinta mai alamar T, a danna shi duk wata uku zuwa shida. In ba ta yanke ba, a canja ta.

Kafin a gyara, ka zare firjin.

Tambaya: Soket ɗin falo yana zafi, gefensa ya yi baƙi, kuma akwai wani wari kamar na roba.
Daga wata ɗaliba

Amsa: 'Yar'uwa, ki kashe birekar layin yau, ba gobe ba. Galibi sukurun da ke riƙe waya ne ya saki, ko bakin soket ɗin ya buɗe ba ya kama filogi tsam. Wurin da haɗi ya yi sako-sako yana haifar da zafi da tartsatsi, kuma bireka ba ta ganinsa domin wutar ba ta wuce iyaka ba. Mai gyara zai yanke ɓangaren wayar da ya ƙone ya sa sabon soket. Naɗe wurin da salatif ba gyara ba ne.

Ki duba kuma ko doguwar wayar ƙari ce kike jonawa a wurin. Mai kyau ma iyakarta amfiya 13, wato wat 3,000 ga ramukan gaba ɗaya, ba kowane rami ba. Ba a jona wata a jikin wata, ba a bi da ita ƙarƙashin darduma, kuma mai naɗi a warware ta duka kafin a ɗora mata kaya mai nauyi.

Tambaya: Wasu ƙwayayen gidanmu suna ƙara haske fiye da kima, wasu suna dushewa, har talabijin ta ƙone.
Daga wani mai haya

Amsa: Wannan alama ce ta cewa wayar nitiral, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta saki ko ta tsinke, a gida mai layi uku ko a kan turken waje. Idan haka ta faru, wani layi yakan yi ƙasa, wani ya tashi har kusan bolt 400. Ka kashe babban makunni, ka kira mai gyara ya auna. In matsalar daga mita zuwa waje take, aikin kamfanin wuta ne, kada ka bari kowa ya hau maka turke.

Tambaya: Ina jona janareta da waya mai filogi biyu, ɗaya a inji ɗaya a soket. Ai ina kashe babban makunni tukuna.
Daga wani mai shago

Amsa: Ranar da ka manta, ko yaro ya tayar da injin ba ka nan, wutarka za ta koma layin waje ta ratsa taransifoma, ta iya kashe ma'aikacin da ya tabbatar an ɗauke wuta kafin ya hau. In kuma aka dawo da wuta a lokacin, injin zai ƙone. Ga haƙoran filogin da ke hannunka, tsirara suke kuma da wuta. Ka sa a haɗa maka makunnin sauya layi, mai raba wutar kamfani da ta inji ta yadda ba za su taɓa haɗuwa ba, ya yanke mai wuta da nitiral duka. Injin kuma a ajiye shi a fili, nesa da taga da ƙofa, aƙalla mita 6 in wuri ya ba da dama, domin iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ko launi.