Ƙarar waya da ke shiga cikin rikodin, daga ina take?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni nake ɗaukar karatun malaminmu bayan magariba a nan Gadarif, rikoda ta a haɗe take da amfilifayan masallaci, amma in na koma gida ina saurare sai in ji wata ƙara dit-dit-dit sannan zzzz ta hau kan muryar malam, ta ɗan jima ta ɓace. Na canja makirufo sau biyu abin bai daina ba. Don Allah mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya saka da alheri kan wannan hidima. Gaskiya makirufon nan ba shi da laifi, kuɗinka kawai ka kashe. Waya ce, kuma zan iya cewa tana aljihun malam ko kan darduma dab da kebul, ko ma taka ce da kake ajewa gefen rikoda.

Ga yadda abin yake. Wayar da ke kan 2G, wato GSM, ba a jere take aika sigina ba kamar ruwan famfo, gutsure-gutsure take aikawa, wayoyi takwas ke raba tasha ɗaya kowacce tana jiran layinta, ta yi magana na kusan rabin milisakan ta yi shiru, ta sake, haka har sau 217 a sakan ɗaya. Ita ainihin siginar a megahaz 900 ko 1800 take, kunne ba ya jin wannan, amma kunnawa da kashewar nan sau 217 kam kunne na ji sarai. To kebul ɗinka in dogo ne kuma mara rufi mai kyau sai ya zama eriya, ya kwaso ta ya kai cikin amfilifaya, transistocin ciki su fito da ita su ƙara mata ƙarfi tare da muryar malam. Shi ya sa kake jin ta tun kafin waya ta yi ringin, lokacin tana amsa wa turken sabis ne.

Kuma inda shabaka, wato sabis, ba ta da ƙarfi abin ya fi muni, don waya ƙara ƙarfi take har wat 2 don ta kai ga turke, sannan ko wayar 4G ce tana iya saukowa 2G in kira ya shigo.

Sa waya a sailent ba ya maganin komai, wannan ka faɗa wa sahun gaba, bakinta kawai aka rufe amma tana nan tana aiki. Alamar jirgin nan za a danna ko a kashe ta gaba ɗaya. In malam ba zai kashe ba, kuma ka san ba kowa ke iya ce wa malam kashe waya ba, ka roƙe shi cikin ladabi a miƙa wa wani almajiri ya riƙe a can baya, tazarar mita biyu zuwa uku ma tana rage abin sosai. Sai kebul, ka bar irin siririn nan na kasuwa ka nemi XLR mai fil uku in na'urarka na karɓa, gajere, kar ka naɗe ragowarsa kusa da waya. Akwai ɗan dunƙulen ferait irin wanda ake gani jikin kebul ɗin cajar laftof, a maƙala shi jikin kebul ɗinka kusa da bakin amfilifaya, yana taimakawa.

In ƙarar huuum ce da ba ta tsayawa, wannan ta wutar lantarki ce mai haz 50, matsalarta daban.

Waɗanda ka riga ka ɗauka kuwa, a manhajar gyaran sauti ta Audacity za ka iya yanke sautin haz 217 da ninkinsa 434 da 651 haka zuwa sama, amma muryar ma a nan take zaune, in ka matsa da yawa malam zai koma kamar mai magana cikin gwangwani. Ni in ƙarar ta sakan uku ce ko huɗu barin ta nake.